Kwalejin ilimi ta Maru: me ya tsayar da ita da ƙafarta, kuma me ke jan ta baya?

Ranar da ƙanwata ta samu adimishan a kwalejin ilimi ta Maru, kawunmu yana zaune gindin dalbejiya yana tufkar igiyar shanu, na kai mishi takardar da murnata, ya karɓa ya juya ta gaba da baya duk da ba karatun boko gare shi ba, sai ya ɗago ya ce min "To kai, wanga karatu da za ta yi har shekara ukku, in ta ƙare mi za ta zama?" Na ce malama za ta zama Kawu. Ya yi shiru can, sannan ya ce "Malama irin wadda ka zama nan garin namu, ko irin waɗanda aka turo muna su yi sati guda su koma Gusau?" Wallahi har yau tambayar nan ba ta bar raina ba, domin duk wani bayani da za a yi kan yadda kwalejin karkara ke tasowa, in bai amsa tambayar dattijon nan ba to bai taɓa inda ke ciwo ba.

Mutanen Maru su yi min afuwa da na sa garinsu cikin karkara, na san hedikwatar ƙaramar hukuma ce kuma gari ne mai sarauta, ga sarkinsu Banaga nan. Abin da nake nufi shi ne waɗanda kwalejin ke ɗiba, yaran Kanoma da Bingi da Mayanci da Ɗansadau da na ƙauyukan Bungudu da Maradun, 'ya'yan manoma ne da makiyaya da 'yan tireda, ba 'ya'yan manyan ma'aikatan birni ba.

Maganar horon malamai a Maru ba yau ta fara ba, ta girmi jihar Zamfara nesa ba kusa ba. Tun zamanin Turawa, lokacin da ƙasar nan duk tana ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, an kafa makarantar horon malamai a Maru don a samu masu koyarwa a makarantun elemantare na gundumomi. Da yawa daga cikin matasanmu ba su san cewa Malam Aminu Kano ya zauna garin nan ba, a ƙarshen shekarun 1940 aka kawo shi daga Bauci ya yi aiki a makarantar, kuma daga nan ne ya ajiye aikin gwamnati a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU, ya shiga siyasa gadan-gadan. To ka ga garin da irin wannan mutum ya riƙe alli a cikinsa ba baƙon karatu ba ne. A nawa fahimtar ajiye makarantar malamai a wuri irin Maru yana da hikima babba, don malamin da aka horar a inda ake noma da kiwo, yana shan ruwan rijiya yana cin tuwon dawa, shi ne wanda in an tura shi ƙauye ba zai ga kamar an kai shi gidan yari ba.

A wancan lokacin malami da takardar shaidar koyarwa ta Giredi Tiri ko Giredi Tu yake fita, kuma mai Giredi Tu babban mutum ne a gari, shi ke rubuta wa mutane wasiƙa, shi ake kira in baƙon gwamnati ya zo. Sai 1976 ta zo, shekarar da aka raba jihar Arewa maso Yamma aka fitar da jihar Sakkwato, kuma a shekarar ce gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowane yaro. Yara suka yi ambaliya cikin makarantu, ajujuwa suka cika, malamai babu. Dole aka dinga buɗe makarantun horon malamai ko'ina ana ɗibar yaran da suka gama firamare kai tsaye, aka kuma kafa cibiyar NTI a Kaduna don waɗanda ke bakin aiki su ƙaro karatu ba tare da sun bar aji ba. Galibin tsofaffin hedimastocin da muka tashi muka gani, 'yan wannan zubin ne.

Daga baya sai dokar wasan ta canza, kuma nan ne asalin labarin kwalejin yake. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce mafi ƙarancin takardar da mutum zai riƙe ya shiga aji ita ce NCE, wadda ake samu a kwalejin ilimi, aka kafa hukumar NCCE a 1989 ta riƙa sa ido kan kwalejojin ilimi, Giredi Tu ta fara mutuwa a hankali, makarantun horon malamai da yawa aka mayar da su sakandare. To NCE ɗin a ina za a yi ta? Ga ɗan yankinmu amsar ita ce Sakkwato, kwalejin Shehu Shagari, ko kuma Zariya ko Kano in yana da hali. Ka duba mutumin Ɗansadau, kafin ma ya iso bakin titin Gusau ya ci wuyar hanya, sannan a ce ya wuce Sakkwato ya yi shekara ukku, da kuɗin wa? Da Abacha ya ƙirƙiri jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, sabuwar jiha ta tashi da ƙananan hukumomi 14 da firamare birjik amma ba ta da kwalejin ilimi tata ta kanta. Akwai ta tarayya a Gusau, ta fannin sana'a, amma ta mata ce zalla kuma ta ƙasa baki ɗaya ce ba ta jiha ba. Ga shi a 1999 an sake ƙaddamar da wani shirin ilimin kyauta, UBE, a garin Sakkwato ma aka yi bikin, wato buƙatar malamai ta sake ninkawa. Cikin wannan matsin ne gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta tsayar da kwalejin ilimi ta jiha, aka kuma ajiye ta a Maru inda dama akwai tushe. Kebbi ma haka ta yi bayan an cire ta daga Sakkwato a 1991, ta ajiye tata kwalejin a Argungu, kusan duk sabuwar jiha da wannan take farawa don ba yadda za a yi ka gudanar da firamare da malaman aro.

Yanzu me ke sa irin wannan kwaleji ta girma? Mutane sukan ɗauka gini ne, sun wuce a mota sun ga sabon get da fenti sai su ce makaranta ta ci gaba. Ni abin da na gani da idona ya bambanta, babban abin da ke ciyar da ita gaba shi ne kusanci. A gidan talaka kuɗin makaranta ba shi ne babban dutse ba, a'a, kuɗin zama ne, kuɗin mota da haya da abinci na wata da watanni. Ƙanwata in za ta koma, innarmu ce ke auna mata garin dawa da gero a buhun siminti da aka wanke, ta ƙulla mata kuka da daddawa da ɗan man gyaɗa a gora, ƙuli-ƙuli a leda, a ɗora mata a mota ta isa tun rana ba ta yi zafi ba, in abin ya ƙare ranar kasuwa a ba wani direba saƙo ya kai mata. Wannan lissafin ba zai yiwu ba in Zariya take. Kuma ban da kuɗi akwai kwanciyar hankalin iyaye, uban da ba zai taɓa yarda 'yarsa ta tafi wata jiha ba zai iya yarda da inda in an ce ba ta da lafiya zai hau babur ya je ya gan ta ya dawo ya yi magariba a gida. Haka mijin da matarsa ta gama sakandare aka yi aure, da wuya ya bar ta ta tafi nesa amma ya fi sauƙin bari ta je kusa. A ɗakin da ƙanwata ta zauna akwai wata mai goyo, in za ta shiga lakca sai ta bar jaririn wurin 'yar raino da ta zo da ita daga gida, yarinya 'yar shekara tara ko goma, tana zaune bakin baranda tana jijjiga shi, uwar tana leƙowa ta taga duk bayan ɗan lokaci, in ya yi kuka ta fito ta ba shi nono a tsaye ta koma ta ci gaba da kwafar abin da ke allo. Matar nan ta gama, kuma ba don kwalejin tana kusa ba da ko farawa ba za ta yi ba.

Sai kuma ƙofar da ta fi ta jami'a faɗi. Yaron da ya yi sakandaren ƙauye inda watakila bai taɓa ganin malamin lissafi na dindindin ba, sakamakonsa ba zai kai shi jami'a ba, amma akwai shekarar share fage ta Pre-NCE da ke ba shi damar gyara, sannan ya shiga shekara ukku ta NCE, a shekarar ƙarshe a tura shi wata makaranta ya koyi aikin koyarwa a gaban yara na gaske malamansa suna zuwa duba shi. In ya gama da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Lakcarori da daraktoci nawa ne a jihar nan da ta wannan tsanin suka hau? Ga kuma tsofaffin malaman firamare masu Giredi Tu da aka ce ko su ƙaro karatu ko a bar su a baya, su ma sun cika ajujuwa, wani da furfurarsa yana zaune benci ɗaya da yaron da ya koyar a aji ukku. Kwasa-kwasan da suka fi jan mutanenmu kuwa sanannu ne, Hausa da Larabci da addinin Musulunci da karatun firamare, don yaro ya taso da allo da littattafan zaure, yana da abin da zai ɗora a kai.

Maganar gini kuma tana da nata bayanin, kuma ya kamata kowa ya san daga ina kuɗin ke fitowa don kar a dinga yi mana gori da abin da ba aljihun kowa ba. Bayan gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU an kafa asusun harajin ilimi a 1993, ana cire kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni, a 2011 aka mayar da shi TETFund aka taƙaita shi ga manyan makarantun gwamnati kawai, na tarayya da na jihohi, daga baya harajin ya ƙaru har ya kai kashi 3 a 2023. Ana raba kuɗin ne kashi biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin kimiyya da fasaha, ɗaya ga kwalejojin ilimi. Shi ya sa duk kwalejin jiha da ka shiga a Arewa za ka ga sunan asusun nan a jikin ɗakunan lakca da laburare. Yana kuma ɗaukar nauyin malamai su je su yi digiri na biyu da na ukku. Amma fa ba ya biyan albashi, ba shi ke zuba man janareta kullum ba, ba shi ke ɗaukar sabbin lakcarori ba, wannan duk na gwamnatin jiha ne. To in jiha ta yi sakaci sai ka ga abin mamaki, gini sabo fil amma ɗakin gwaje-gwaje a kulle, lakcara ɗaya yana fama da ɗaruruwan ɗalibai.

Garin ma yana tashi tare da makarantar, wannan a fili yake, masu gidajen haya, masu fotokofi da buga takardu, mai shayi, mai ƙosai da kunu da safe, 'yan kabu-kabu, masu cajin waya, matan aure da ke dafa abincin sayarwa daga cikin gida. In aka yi hutu ko yajin aiki su ne farkon masu ji a jikinsu.

To sai abin da ke jan ƙafar, kuma na farko kowa ya san shi, matsalar 'yan bindiga masu satar mutane. Makarantar da ƙarfinta kusanci ne, in hanya ta zama abin tsoro an sare mata jijiya. A 2021 kaɗai, ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan matan sakandaren Jangebe su 279, a watan Agusta aka shiga kwalejin koyon aikin gona ta Bakura aka kashe mutane aka tafi da ɗalibai da ma'aikata, farkon Satumba aka ɗebi ɗaliban sakandaren Kaya a Maradun, aka rufe makarantu, aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. A Satumba 2023 kuma aka bi ɗalibai mata na jami'ar tarayya ta Gusau har gidajen hayarsu a Sabon Gida. Duk uban da ya ji waɗannan, ko ba a taɓa makarantar da 'yarsa take ba, zuciyarsa ta riga ta karaya. Kuma abin ya wuce tsoron hanya kawai, manomin da aka hana shi gonarsa ko ya sayar da shanunsa ya biya kuɗin fansa, da me zai auna garin da za a kai wa ɗalibi? Ƙauyukan da suka watse mutanensu suka koma gudun hijira, firamarensu a rufe take, wato can ƙasa inda ɗaliban gobe za su fito an toshe. Ko tura ɗalibai koyon aikin koyarwa ya zama sai an zaɓi wuri, kowa na roƙon a bar shi cikin gari, alhali makarantun da suka fi buƙatar su suna can cikin daji.

Na biyu bai cika fitowa a baki ba amma ya yi ɓarna sosai, shi ne bashin kuɗin jarabawar WAEC da NECO da ya taru a kan jihar har aka riƙe sakamakon yara, wasu suka gama sakandare suka zauna gida shekara da shekaru ba takarda a hannu. Kwaleji ba za ta ɗauki wanda ba shi da sakamako ba. Gwamnatin Dauda Lawal ta biya bashin kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a ƙarshen 2023, abu ne mai kyau kuma a yaba, sai dai yarinyar da aka aurar a shekarun jiran nan da yaron da ya tafi haƙar zinariya ko ci-rani, da yawansu ba su dawo ba.

Na ukku shi ne wanda ya fi ci min rai, darajar takardar kanta. Hukumar JAMB daga 2022 zuwa 2025 maki 100 ta riƙa sa wa kwalejojin ilimi a matsayin mafi ƙaranci, jami'a kuma 140 ko 150, to saƙon da yaro ke ɗauka shi ne koyarwa aikin wanda ya rasa ne. Ni ban ƙi a buɗe ƙofa ba, na ma faɗa a sama cewa faɗin ƙofar nan alheri ne, amma in ka ɗauki mai rauni sai ka ninka ƙoƙari a kansa, ba wai ka tura shi gaba da makin tausayi ya fita bai iya rubuta wasiƙa ba, don wanda za a cuta shi ne yaron aji ɗaya da za a damƙa masa. Sannan in ya gama me ke jiransa? Mai NCE a matakin albashi na 7 ake ɗaukarsa in an ɗauke shi, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka sa wa hannu tun 2019 bai fara aiki a Zamfara ba sai 2024, shekarar da ƙasa ta koma 70,000. Yaro yana gani da idonsa malaminsa na firamare yana kabu-kabu da yamma, yaya za ka ce masa ya zo ya zama malami?

Wannan ne ya kawo zazzaɓin nan na a mayar da kowace kwaleji jami'a. A Kebbi an ga yadda kwalejin aikin gona ta Zuru ta zama jami'ar aikin gona ta tarayya a 2020, kuma dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri tare da NCE, don haka na jihohi ma kowa ido ya buɗe. Ba na adawa da digiri a Maru, in mai NCE zai ɗora karatunsa a inda ya saba ba sai ya tafi Sakkwato ba ai ci gaba ne. Tsorona shi ne ranar da suna ya canza maki zai hau, kuɗi zai hau, a rufe shekarar share fage, a cika wurin da waɗanda dama suna da zaɓi, mai goyon nan da ke leƙen jaririnta ta taga kuma a ce mata ba ta cika sharaɗi ba. In za a ɗaga a ɗaga, amma a bar tsanin ƙasa a inda yake.

Abin da zan so a ce ana yi, kuma ba ya buƙatar sabon gini ko ɗaya, shi ne kowace ƙaramar hukuma ta zaɓo yara daga ƙauyukan da ba su da malamai, 'yan asalin wurin, ta ɗauki nauyinsu da sharaɗin in sun gama takardar aiki na jiransu kuma a garinsu za su koyar na wasu shekaru, a ƙara musu wani abu a kan albashi saboda zaman karkara. Ɗan gari ya san hanya, ya san lokacin da ake shiga da lokacin da ba a fita, yana da gona da dangi a wurin, ba ya jiran Alhamis ta yi ya gudu.

Ƙanwata ta gama shekara biyu ke nan. Tana koyarwa a firamaren garinmu, aji biyu, yara cike maƙil wasu a kan tabarma wasu a kan tsumman buhu, ta yanka kwalin taliya ta rubuta baƙaƙe da wasula da gawayi ta rataya a bango da ƙusa, kuma bana akwai yaran da suka fara haɗa baƙi suna karanta sunayensu. Amma har yanzu sa-kai take yi, iyayen yara ne ke haɗa mata ɗan abin sabulu in an yi girbi, takardun neman aiki ta kai su ya fi a ƙirga. Wata makarantar kuɗi a Gusau ta kira ta tun watan jiya, mijinta ya ce ta yi shawara. Shekaranjiya na je gaida Kawu, ya tsufa sosai yanzu ba ya iya tufka, da na zauna ya kama hannuna ya ce "Na ji an ce ɗiyarmu za ta Gusau, gaskiya na?" Na ce ba ta yanke ba tukuna Kawu, ta ce a ba ta zuwa ƙarshen zangon nan.